Gidan caca ya koma cikin aljihu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

A 'yan kwanakin nan mun ji wasu matasa suna kare cacar kartar nan da Turawa ke kira poka, wai ta intanet wasan basira ce, ba irin ta gidan caca ba. Hujjarsu ita ce babu giya, babu zama da 'yan iska. Muna ganin wajibi ne mu yi wa 'yan uwa bayani.

Hukunci dai ɗaya ne. A Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, Allah (T) ya haɗa caca da giya, ya sanya su cikin aikin Shaiɗan, ya kuma bayyana cewa suna haddasa gaba, suna hana ambaton Allah da salla. Canza tabarma da waya bai canza wannan ba.

Bambancin da ke akwai ma ƙarin sharri ne. Kartagin da sai ya wanke ƙafa ya je gidan caca, yana sanɗa kada surukinsa ya gan shi. Idan aljihu ya ƙare dole ya tashi. Zubin da ake yi a tebur cikin awa guda bai cika wuce 30 ba, saboda sai an lale an raba. A intanet kwamfuta ke rabawa, zubi ya ninka, mutum kuma yana iya zama a tebura da yawa lokaci guda, kowane zubi masu gidan na zare la'adarsu. Babu mai ganinsa balle ya ji kunya, asusun bankinsa kuma na haɗe da wayar.

Daga Amurka wannan annoba ta bunƙasa. A 1998 aka fara buga ta da kuɗi a intanet. A 2003 wani akawu mai suna Chris Moneymaker, wanda ya sami gurbi ta PokerStars, ya ci dala miliyan 2.5 a gasar Las Vegas. Da labarinsa aka yaudari ɗimbin jama'a, ba a kuwa ba da labarin waɗanda aka tsiyata.

Masu cewa wasan basira ne su tuna da 2007, lokacin da aka gano wani na cikin gida a Absolute Poker yana ganin kartar abokan wasansa. A 2011 kuma masu gabatar da ƙara na Amurka suka ce 'yan wasa na bin Full Tilt Poker kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. A tebur ko ba komai kana ganin hannun mai rabawa.

A 2024 Hisba ta rufe shagunan caca a Kano. Wannan ya yi, amma kwaɗo ba ya rufe waya. Don haka aikin ya dawo kanmu. Iyaye su tambayi inda kuɗin makaranta da jarin yaro ke tafiya. Malamai su ambaci cacar waya da sunanta a huɗuba da karatun zaure. Wanda ya faɗa ciki ya goge manhajar yau, ya sanar da wani ɗan uwa da zai riƙe hannunsa, domin ɓoyewa ce ke ciyar da wannan cuta.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin.