Waƙa a Rediyo, Labarinta a Podkas

Mai son waƙa a yau ya daina zaman jiran lokacin da gidan rediyo zai saka masa abin da ransa ke so. Waƙar tana cikin wayarsa, a YouTube ko Audiomack, ya ji ta sau goma in ya ga dama. Abin da yake ƙishirwarsa yanzu shi ne labarin waƙar: wa ya tsara ta, me ya jawo ta, yaya aka haɗa kiɗan. Nan ne podkas ya shige gaban rediyo.

A shekarar 2014 wani mawaƙi a Amurka, Hrishikesh Hirway, ya fara shirin Song Exploder. Mawaƙi ne zai zo da waƙarsa guda ɗaya tak, ya warware ta zare-zare. A ji ganga ita kaɗai, a ji murya ba kiɗa, ya faɗi baitin da ya ba shi wahala da wanda ya zubar. Sai a ƙarshe a saka waƙar cikakkiya, kunne ya riga ya waye. Wani shirin, Dissect, da ya fara a 2016, yakan ɗauki kundin waƙoƙi guda ya bi shi waƙa bayan waƙa har tsawon makonni. Mai sauraro yana tuƙi ko yana aikinsa, ya tsayar, ya koma baya, ba mai katse shi.

Sai dai podkas yana da tarnaƙi, wato haƙƙin mallaka. Gidan rediyo yana da lasisin saka waƙa daga farko har ƙarshe, mai podkas kuwa sai ya nemi izini. Shi ya sa Desert Island Discs na BBC, da ake yi tun 1942, inda baƙo ke zaɓar faifai takwas, idan ka sauke shi a waya za ka tarar an gutsure waƙoƙin.

Wannan dama ce a hannun gidajen rediyonmu, kuma abin da ke damuna shi ne yadda muke wasa da ita. Shirin Zaɓi Sonka ya haɗa zumunci tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Amma sau nawa ake saka Bakandamiyar Shata mai gabatarwa yana surutu a kanta, ko a yanke ta don talla? Matashin da ya ji Ɗanƙwairo yana wasa sarki bai san wane sarki ba ne, bai san zambon da wa ake ba, kuma ba wanda ya tsaya ya gaya masa.

Tsofaffin faya-fayan suna ɗakunan ajiyarmu. 'Yan amshi da makaɗan da suka yi yawo da waɗannan mawaƙa, wasunsu suna raye, amma girma ya kama su. A kai musu makirufo tun suna iya magana, a saka hirar a iska tare da waƙar cikakkiya, sannan a ɗora ta a intanet don wanda bai samu ji ba.