Manomin rani a gaban ɗalibar jinya

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, tsargiya ba baƙuwa ba ce. Ɗalibar da aka koya wa miƙa ƙwaya kawai za ta ce, "Baba, ka daina shiga ruwa," alhali gobe da asuba yana cikin gona tsamo-tsamo, domin can abincinsa yake. Ya kamata makarantun jinya irin ta Madobi su koyar da tambaya: yaushe yake ban-ruwa, yana da takalmin roba, yaransa na wanka a magudana? Za a ce layi dogo ne, ma'aikata kaɗan. Gaskiya ne, amma maganin tsargiya ba ya hana sake kamuwa, kuma wanda aka sallama ba a saurare shi ba, shi zai dawo ya tsawaita layin.