Waken Samaru da Ma'aunin Hujja

A watan Janairun 2019 hukumar NBMA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayoyin gado a Nijeriya, ta amince da wani sabon irin wake da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta shafe kusan shekara goma tana gwajinsa. An raɗa masa suna SAMPEA 20-T. An dasa masa ƙwayar gado guda daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, domin ya kashe tsutsar maruka mai cinye fure da kwanson wake. Da masarar TELA ta biyo baya a 2024, gardama ta yi zafi har Majalisar Wakilai ta nemi a dakata a yi bincike. Ra'ayina shi ne an fi kashe ƙarfi kan tambayar da ta fi kowace samun amsa, an bar waɗanda har yau suke buɗe.

Masu cewa irin wannan abinci guba ne sun fi jingina da binciken Gilles-Éric Séralini na Faransa, wanda ya fito a 2012 ɗauke da hotunan ɓeraye masu manyan ƙari. Hotunan na yawo a WhatsApp, amma bayanin yadda aka yi gwajin ba ya bin su. Ɓeraye goma-goma aka sa a kowane rukuni, kuma daga jinsin da aka san ƙari na fito masa da kansa idan ya tsufa. Da irin wannan adadi ba a iya rarrabe aikin abinci da aikin tsufa. Mujallar ta janye muƙalar a 2013, bisa dalilin cewa sakamakon bai isa a yanke hukunci da shi ba, ba tare da ta zargi marubucin da ƙirƙirar alƙaluma ba. Daga baya Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin sake gwajin na shekara biyu da ɓeraye masu yawa, ba a kuwa ga illar ba. Ban da haka, masara ce mai jure maganin ciyawa ya gwada, wadda ba ta haɗa ƙwayar gado da waken Samaru ba.

Sai dai raunin hujjar abokin gardama ba ya wanke mai goyon baya. Burkina Faso ta fara noman auduga mai irin wannan kariya a 2008. Tsutsa ta ragu, feshi ya ragu, babu wanda ya tabbatar da wata cuta ga mutane. Duk da haka kamfanonin auduga na ƙasar suka yi watsi da ita a 2016, domin zarenta ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Gwajin lafiya ba zai taɓa hango wannan ba, domin ba tambayar da aka yi masa ke nan ba. A Indiya kuma tsutsar auduga ta saba da kariyar bayan 'yan shekaru, manoma suka koma ga feshi. Wannan shi ne abin da ya kamata a tsare NBMA da shi: wa ke bibiyar gonakin Kano da Jigawa da Katsina domin gano ranar da maruka za ta fara sabawa? Ina rahoton, kuma wa ya duba shi ban da waɗanda suka samar da irin?

Akwai kuma iyakar abin da waken zai iya. Masu shi sun ce yana rage feshi daga shida ko takwas zuwa biyu, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga manomin da ke feshi ba safar hannu ba takunkumi. Amma ba ya hana ƙwaron da ke huda wake a buhu, kuma maganin da ake zubawa lokacin ajiya ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen waken Nijeriya tun 2015. Mai tallan da ya haɗa matsalolin biyu a baki ɗaya ya yi wa hujjarsa ƙari.

Wasu masana kan ɗauki ɗari-ɗarin mutanenmu a matsayin jahilci. Sun manta da gwajin Trovan da Pfizer ya yi kan yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da yadda tabonsa ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. Wanda maciji ya sara, ba a yi masa dariya don ya tsorata da tsumma. Al'umma mai wannan tarihi ba za a ce mata "masana sun tabbatar" ta yi shiru ba. Sai an buɗe mata takardun.

A nan ne abin ya iso ƙofarmu, mu manazarta Hausa. Dokar da takardun tantancewa duk da Ingilishi suke, alhali galibin masu shuka waken da Hausa suke tunani. Kalmar da muke fassara da ita ma ba ta zauna ba. "Ƙwayar halitta" na ɗaukar ma'anar tubalin jiki a wannan littafi, ta ɗauki ma'anar abin gado a wancan. Ita kanta "ƙwaya" a kunnen mai sauraron rediyo tana iya zama ta hatsi, ko ta asibiti, ko ta maye. Idan aka ce masa "an sa wa wake ƙwaya", an riga an yanke hukunci kafin a kawo shaida. Ba mu da daidaitattun kalmomin da za su bambanta binciken da aka janye da wanda aka ƙaryata, ko abin da ya zo tare da cuta da abin da ya haddasa ta. Ya dace sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato su zauna da masanan Samaru su fitar da waɗannan kalmomi, su kuma nemi NBMA ta riƙa wallafa taƙaitaccen bayanin kowace amincewa da Hausa, a boko da ajami, tare da sunan wanda ya biya kuɗin gwajin.