TASWIRAR ƁARAWO ITA CE SHAIDAR MAI KAYA

 Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, kuma a ɗaga murya, domin maganar ta kowa ce.

Zancenmu na yau a kan tsofaffin taswirorin bakin kogin Kwara ne, can inda ruwan yake faɗawa teku. Mun san abin da wasu za su ce tun ba mu gama buɗe baki ba. Za su ce, mu da muke fama da gero da gyaɗa da rijiya gaba ashirin, ina ruwanmu da bakin teku? To, ga ruwanku. Ruwan nan da ke wucewa ta Yamai, wanda 'yan'uwanmu Zabarmawa ke kira Isa, ya taso daga duwatsun Gini, ya bi ta Gawo da Yamai da Gaya, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sa'an nan a kudu da garin Abo ya rabu biyu, Nun da Forkados, kowane kuma ya sake rarrabuwa kamar saiwar gamji, har ya shiga teku bayan tafiyar kilomita wajen 4,180. Wurin nan shi ake kira Neja Delta, ƙasar Ijo da Itsekiri da Urhobo da Ogoni, masunta da 'yan kasuwar kwalekwale. Kogi ɗaya ne da namu, kuma cinikin da aka ƙulla a kan bakinsa shi ne ya ƙare da tsaga Katsina da Maraɗi.

Bari mu fara da masu ɗaukar taswirar Bature kamar saukakken littafi. A 1796 Mungo Park ya ga kogin a Segu yana gudu gabas. A 1798 James Rennell, babban mai zanen taswira a birnin Landan, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, ya ɗauki alƙalami ya shimfiɗa jerin duwatsu daga yamma zuwa gabas, ya sa musu suna Duwatsun Kong, wai sun tare wa kogin hanyar kudu, ya ce ruwan yana ƙarewa ne cikin wata fadama a tsakiyar ƙasa. Duwatsun nan babu su, Allah bai halicce su ba. Amma wannan ya kwafa daga wancan, wancan ya kwafa daga waccan, yara suna haddacewa a makarantun Turai wajen shekara 90, sai da Bafaranshen nan Binger ya bi ƙasar da ƙafa daga 1887 zuwa 1889 ya koma ya ce bai ga ko ɗaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma fa wannan ya yi zurfi.

Duk lokacin nan da ake ta kacici-kacici a Landan da Faris, mutanen Nembe da Abo suna hawa suna sauka a ruwan nan kullum da manja da doya da gishiri. Jiragen Turawa kuwa sun shekara fiye da 300 suna tsayawa a bakunan kogin suna lodin mutane, har 'yan Fotugal suka sa wa wani baki suna Eskrabos, watau kogin bayi a harshensu, ba su kuwa san Kwara ce suke tsaye a bakinta ba. A 1824 Kilafatan ya zo Sakkwato yana tambayar inda kogin ya nufa, aka ba shi taswira daga hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya kai ta Landan aka buga a 1826. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka shiga kwalekwale a Busa suka gangara. Kafin su kai bakin ruwa aka kama su, aka kai su gaban Obi Osai sarkin Abo, sai wani babban ɗan kasuwar Nembe da Turawa ke kira King Boy ya fanshe su, ya sa su a jirginsa ya kai su teku ta reshen Nun a watan Nuwamba. Mai jirgi ya yi tuƙi, fasinja ya karɓi lambar girma, aka rubuta a littafi wai shi ya gano bakin Kwara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada kowa ya ce sha'awar ilimi ce kawai ta kawo su. Dubi abin da ya biyo baya. A 1832 jiragen tururi biyu na Macgregor Laird suka shigo, sunan ɗaya Kwara, ɗaya Albarka, da kalmarmu suka yi masa suna. A cikinsu akwai hafsan sojan ruwa William Allen, aikinsa ya auna zurfin ruwa, ya zana kowane lungu da kowane yashi. A 1857 John Glover ya ɗora daga inda aka tsaya. Da taswira ta nuna inda jirgi zai bi ba ya kafe ba, sai ɗan kasuwa ya bi ta, sai jirgin igwa ya bi ɗan kasuwa. George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingilishi wuri ɗaya, ya tara takardun yarjejeniya da sarakunan bakin ruwa, da su Ingila ta kafa hujja a taron Balin na 1884 zuwa 1885 cewa ƙasan kogin nata ne. A 1886 kamfanin ya sami izinin mulki, ya zama Royal Niger Company.

Su kuwa masu ƙasa fa? Jaja sarkin Opobo, a 1887 aka kira shi shawara cikin jirgi aka wuce da shi, bai sake ganin garinsa da rai ba. Nana na Itsekiri, a 1894 aka ci garinsa da yaƙi. Mutanen Nembe kuwa layi aka ja a takarda, aka ce kasuwannin da kakanninsu ke ci a kan kogin yanzu suna cikin ƙasar kamfani, sai da lasin da kuɗin fito. Da yunwa ta yi yunwa, a watan Janairu 1895 sarki Koko ya tara jiragen yaƙi ya faɗa wa hedkwatar kamfanin a Akasa, sojan ruwan Ingila suka zo suka ƙone Nembe. Da aka karɓe mulki daga hannun kamfanin ran 1 ga Janairu 1900, fam 865,000 aka biya shi. Wanda aka biya ke nan. Mai ƙasa ko anini bai gani ba.

Yanzu ga inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Domin Ingila ta riƙe bakin kogin ne ta ce duk abin da ke bayansa nata ne har Sakkwato da Barno. A 1890 aka ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, kuma shi kansa Salisbury, shugaban gwamnatin Ingila, ya faɗa da bakinsa a wajen wata liyafa cewa suna ta rabon duwatsu da koguna da tafkuna ba tare da sun san inda suke ba. Aka sake zama a 1898 da 1904 da 1906, ana matsar da layin domin Faransa ta sami hanya mai rijiyoyi daga kogi zuwa Damagaram, har ƙungiyar Kyaftin Tilho ta zo ta kakkafa alamu. A yarjejeniyar 1898 ɗin ne aka yi wa Faransa alkawarin hayar fili biyu a kan kogin, ɗaya a Bajibo, ɗaya a bakin teku wajen Forkados, domin ta riƙa sauke kaya. Laftana Hourst ya riga ya gangara kogin yana awo har teku a 1896, a 1901 kuma Kyaftin Lenfant ya hauro da kayan soja ta wannan baki har Sayi. Wanda yake da kawu a Jibiya da gwaggo a Madarumfa, ya sani takarda ce ta raba su, kuma a bakin teku aka fara rubuta ta.

To, a nan wani mai zafin zuciya zai miƙe ya ce, tun da haka ne, a ƙona takardun nan, me za mu yi da kayan aikin ɓarawo? Muna ce masa ya zauna, ya ji sauran.

Ɓarawon da ya shiga rumbunka da mudu, ya auna abin da ya tarar, ya rubuta, ya sa hannu, ai ya bar maka shaida. A 1946 Ingila ta kafa ofishin awon ƙasashen da take mulki, wanda daga baya aka sani da Directorate of Overseas Surveys. Jirgin sama yake bi layi layi yana ɗaukar hoto, hoto yana hawa kan hoto, sa'an nan a zauna a fitar da taswira mai nuna tudu da kwari, da fadama, da kurmi, da ƙorama, da gari, har da bukkokin masunta. A awon ɗaya cikin 50,000, santimita 2 a takarda shi ne kilomita 1 a ƙasa, watau ko ƙaramar unguwa ba ta ɓacewa. Sojan ruwan Ingila kuma sun daɗe suna zana bakunan kogin, suna rubuta zurfin kowane mashigi da shekarar da aka auna. Tauraron ɗan'adam na Landsat bai fara ɗaukar hoton ƙasa ba sai 1972. Duk wanda yake son ya san kamannin ƙasa kafin wannan shekara, sai ya koma wa tsohuwar taswira da tsohon hoton jirgi.

Me ya sa kamannin da ya dame mu? Domin a 1956 kamfanin Shell-BP ya haƙo mai a Oloibiri, a 1958 aka fara fitar da shi, ƙasar kuwa ta sake fuska. An yanka hanyoyin ruwa inda babu su, ruwan gishiri ya shiga inda ake shan daɗi. Madatsar Kainji ta 1968 da ta Jeba da ta Shiroro suna tare laka da yashin da kogi ya saba kai wa bakin teku. A 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma a Nisisioken Ogale ta tarar da gubar benzin a ruwan sha ta ninka ƙa'idar lafiya ta duniya sau 900. Ken Saro-Wiwa da mutum takwas an rataye su ran 10 ga Nuwamba 1995 bayan sun tsaya a kan maganar ƙasar nan. Masuntan Bodo, waɗanda mai ya malale musu ruwa a 2008, sai da suka kai ƙara Landan kafin Shell ta yarda ta biya fam miliyan 55 a 2015. Kowa ya taɓa tsayawa gaban alƙali a kan gona ya san tambayar farko: ina iyakarka ta da, wa ya shaida? Masunci zai ce nan kurmi ne, nan kakana ya kafa koma. Lauyan mai kuɗi zai ce kawo takarda. Takardar kuwa ita ce wannan da ake cewa a ƙona.

In kuna tsammanin tsohuwar takarda ba ta da haƙori, ku tambayi mutanen Bakasi. Ran 10 ga Oktoba 2002 kotun duniya ta Lahay ta ba Kamaru yankin, bisa yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka ƙulla a 1913, aka gama miƙa shi a 2008, dubban masunta suka wayi gari a wata ƙasa. Ku tambayi mutanen Gaya. Ran 12 ga Yuli 2005 kotun nan ta raba tsibirai 25 tsakanin Nijar da Benin, 16 namu har da Lete, 9 nasu, kuma cikin abin da ta duba akwai awon zurfin kogin da injiniyoyin Holan na NEDECO suka yi a ƙarshen shekarun 1960. A 2013, a shari'armu da Burkina Faso, takardar gwamnan mulkin mallaka ta 1927 da taswirar IGN ta Faransa ta 1960 aka shimfiɗa. Ran da muka ci, da takardar muka ci. Wanda ya faɗi, da ita aka kayar da shi. Makamin da yake yanka haka, wawa ne kaɗai zai bar shi a gidan wani.

Ga fa inda suke. Hotunan jirgin ofishin awon nan, fiye da miliyan ɗaya, an mai da su Edinbara ta ƙasar Sikotilan a 2012. Tsofaffin awon sojan ruwa suna Taunton a Ingila. An adana su da kyau, ba mu musa ba, ba kuma za mu ce a tsine wa mai adana ba. Amma macen da ke tsintar ƙumba a ƙoramar Bodo ba ta da kuɗin jirgi zuwa Edinbara, kuma hoton ƙofar gidanta ne. Matsayinmu ke nan, ba mu ɓoye ba: kowace taswira da kowane hoton jirgi da aka ɗauka a kan kogin nan, daga Gini har bakin teku, a ba da kwafinsa cikakke, kyauta, ga jami'o'i da ofisoshin awon ƙasashen da aka zana. Hukumar kogin Kwara, wadda ta haɗa ƙasashe 9 aka kafa mazauninta a Yamai, ita ta fi cancanta ta tsaya a kan wannan buƙata, domin ruwan da aka tare a sama, na ƙasa ne ke jin ƙishinsa. Mu ma da muka aza tubalin madatsar Kandaji a 2008, bai kamata mu manta akwai mutane a ƙarshen ruwan ba.

In takardun sun zo, kada a karɓe su da ido rufe, a tuna Duwatsun Kong. A shimfiɗa su gaban tsofaffi, a ce baba, wannan ƙorama ina sunanta na gaskiya, wannan wuri da aka bari fari wa yake zaune a cikinsa? Inda Bature ya auna daidai a riƙe, inda ya yi ƙarya a gyara da jan alƙalami, a rubuta sunan da masu wurin ke kira.

Aikin nan kuwa ba sai an jira Landan ba. Kowane reshe, a taronsa na ran kasuwa mai zuwa, ya kira dattawa uku ko huɗu, ya samo ɗan makaranta mai kyan hannu, a zana garin: rijiyoyi, da burtali, da makiyaya, da inda gulbi yake bi a da, da tafkin da ya ƙafe, da gonakin da yashi ya cinye. A rubuta shekara, dattawa su sa hannu, a yi kwafi biyu, ɗaya a wurin sakataren reshe, ɗaya a wurin mai gari. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Wanda ya gama karantawa ya miƙa wa na kusa da shi.