Injin Faskare Ko Gatari?

Jama'a, a makon jiya wani akawu abokina ya tare ni a bakin kasuwa, ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wani inji. Sai ga wani Bature a bayan gidansa yana ɗora gungume bisa wani dogon ƙarfe, ya taɓa wani ɗan hannu, kafin ka ce kwabo gungume ya dare biyu, ba gumi ba nishi. Abokin nan nawa ya ce kwasar adashinsa ta kusa, ya kuwa gaji da biyan masu faskare, ko ya aika a sayo masa? Na ce ya dakata tukuna. To, da yake na san ba shi kaɗai ya ga hoton nan ba, bari in maimaita abin da na gaya masa kowa ya ji.

Da fari mu san abin da kansa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda bayan tifa ke ɗagawa ya ga asirin injin faskare. Famfo ne ke tura mai cikin wani bututun ƙarfe, man ya turo wani sanda, sandan ya danna gungume a kan ƙarfe mai baki kamar ruwan gatari har ya tsage. Watau ba sara yake yi ba, dannawa yake yi sannu a hankali. Shi ya sa ake auna ƙarfinsa da tan.

Iri uku aka fi sani. Akwai na hannu, wanda ake bugawa kamar jak ɗin mota. Ba ya shan fetur, amma yana da nawa ƙwarai. Akwai na lantarki, mai ƙarfin tan 4 zuwa 7, wanda galibi ba ya ɗaukar gungumen da ya wuce inci 20 a tsawo, ko inci 10 a kauri. Sa'an nan akwai babban, mai shan fetur, tan 20 zuwa 35, mai ƙafafu, ana jan sa da mota. Shi yakan ci gungume mai tsawon inci 24, waɗansu kuma ana iya tsai da su tsaye don a mirgino gungume mai nauyi ba sai an ɗaga ba.

To, me ya sa mutanen Amurka da Kanada da arewacin Turai suke sayensa? Dalili shi ne hunturunsu ba irin namu ba ne. Ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, masu ɗumama gida da itace kuwa wutarsu ba ta mutuwa dare da rana. A Amurka da Kanada suna auna itace da wani ma'auni da suke kira kod, watau tari mai tsawon ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, bisa ƙafa 4. Gida ɗaya yakan cinye irin tarin nan uku ko huɗu, ko fiye, a hunturu guda. Itatuwansu miƙaƙƙu ne masu kauri, da injin zarto suke yanka su gajeru-gajeru, bakinsu sumul. Ga shi kuma ɗan ƙodago a can yana da tsadar gaske. Mutum irin wannan in ya sayi injin faskare ya yi dabara.

Mu fa? Ku leƙa madafin gidajenku. Murhunmu dogon itace yake so, wanda uwargida za ta riƙa izawa kaɗan-kaɗan, in ta sauke tukunya ta janye ta yayyafa ruwa don gobe. Yawancin abin da muke ƙonawa rassa ne da kara da sabara, waɗanda ba su bukatar faskare sam. Gungume sai jifa-jifa. In ya zo kuwa, dogo ne, karkatacce, bakinsa saran gatari ne mai tsini. Injin nan ba ya yanka, tsagawa kaɗai ya iya, kuma gungumen da bakinsa bai daidaita ba yakan zame ya yi tsalle. Ashe wanda ya sayi injin faskare tilas ya ƙara da injin zarto. Kun ga inji ɗaya ya zama biyu, kowanne da cinsa.

Na ce wa abokina ya ɗauki alƙalami, tun da shi akawu ne, ya rubuta kwana nawa a shekara mai faskare ke shiga gidansa, da abin da yake biya. Ya sa wannan a gefe ɗaya. A ɗaya gefen ya sa kuɗin inji, da dako, da kwastan, da fetur, da mai, da gyara. In ya ga sai an yi shekaru da yawa kafin gefen farko ya kamo na biyu, to, ya sami amsa. Kada kuma a manta, mai faskaren nan, wanda sau da yawa ɗan ci-rani ne, da ladan nan yake komawa gida da damina.

Saboda haka ra'ayina shi ne, maigida mai tukunya ɗaya ko biyu ba ya bukatar injin nan. Ya tafi wurin maƙerin da aka sani da aikin kirki, a ƙera masa gatari mai nauyi da ƙarfen sifirin mota. A lura, gatarin sara daban, na faskare daban. Na sara siriri ne mai kaifi, yakan nutse ya maƙale. Na faskare kuwa kauri ake so, don ya buɗa itace. A sa masa ƙota mai ƙwari wadda ba ta da tsaga. A haɗa da guduma da ƙarafa biyu masu baki, na dannawa cikin tsaga in gungume ya gagara. Waɗannan ba su neman bakanike, in an kula da su har ɗa ya gāda.

Amma ba na cewa injin ba shi da amfani ga kowa. Dillalin itace mai sauke lodin mota, da mai gidan burodi, da makarantar kwana mai ɗora manyan tukwane kullum, su aikinsu ya kai. Haka nan mutanen unguwa suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya su riƙa ba da haya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Irin waɗannan ga shawarata gare su.

Na farko, ka auna itacenka kafin ka auna inji. Darbejiya ta fi sauƙi, amma ƙirya da marke tauri gare su, ƙaramin inji na tan 5 sai ya tsaya yana kuka a kan babban gungumensu, balle wurin da reshe ya fito.

Na biyu, in na lantarki ne, ka duba irin wutar da yake ci. Waɗanda aka yi don gidajen Amurka na bolt 120 ne, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce, in ka jona kai tsaye ya ƙone. Kuma lokacin tashi yakan ja wuta ninkin abin da yake ja yana aiki, ƙaramar janareta ba ta ta da shi.

Na uku, ka tambayi bakaniken garinku ko ya san kan injin, ko kuma ana samun tiyo da robobin da ke hana mai yoyo a kasuwa. Injin da babu kayan gyaransa, ranar da ya tsaya ya zama na 'yan gwangwan.

Na huɗu, kada ka yi cinikin biri a sama. Ka tafi da gungumenka mafi taurin kai, a gwada a gabanka. Ka duba ko sandan ya lanƙwashe, ko mai na ɗiga, ko an yi wa jikin walda.

Na biyar, mutum ɗaya ne zai ɗora gungume, shi ne kuma zai taɓa hannun inji. In ɗaya na ɗorawa ɗaya na dannawa, nan ake rasa yatsu. Kada a laluba yoyon mai da hannu inji na aiki, gama ƙarfinsa yana huda fata. Yara kuwa a kore su nesa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi damuna. Wahalarmu ba ta tsaga itace ba ce, ta samunsa ce. Kowa ya ga yadda motocin itace ke ƙara nisan zango kafin su cika. Inji yana saurin tsagawa, amma ba ya tsirar da ko dashe ɗaya. Manoman Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture a gonakinsu, su zaɓi masu ƙarfi su sassabe sauran, yau daga rassan nan suke girki har su sayar. Wanda ya sami rarar kuɗi ya fara da wannan, ya kuma nemi shawarar malamin daji kafin ya kai gatari jikin babbar bishiya.

Abokina dai ya ce zai je ya yi lissafi. Ku ma ku yi naku. Sai wani makon.