Malam, ka juyo ka dube mu, majigi ba zai koyar a madadinka ba

Ƴan uwa, duk wanda ya taɓa zama cikin amfi, ko a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, ya san wanga hoto: malam ya kunna odinata, ya haska bango, ya juya muna baya, ya kama karanta rubutun da ya cika diyapo tun daga sama har ƙasa. Ɗalibai kuwa kowa ya ɗaga salula yana ɗaukar hoto. Awa biyu, diyapo sittin, an tashi. Ka tambayi na kusa da kai mi aka koya, sai ya ce maka "yana cikin wayata".

Mu ba mu da faɗa da na'ura. PowerPoint ya fito tun 1987, kuma wanda ba shi da kuɗin lasisi yana iya sauke LibreOffice Impress kyauta, ba ya buƙatar intanet. Matsalar ita ce yadda ake aiki da shi. Ido ya fi baki sauri: kafin malam ya gama layi na biyu, ɗalibi ya kai ƙarshen shafi, ya daina saurare. Mutum bai iya karanta wani zance yana sauraren wani a lokaci guda. Balle ga yaron da faransanci ba harshen gidansu ba ne, nauyi biyu ke nan aka aza mashi.

To mi ya kamata a haska? Abin da alli ba ya iya nunawa. Taswirar kogin Kwara daga tsaunukan Gine har tekun Atlantika, a ga inda ya ratsa ƙasarmu. Hoton zuciya da hanyoyin jininta. Gonar da aka gina ma rabin-wata, kafin damina da bayanta. Hoto guda, magana guda, kalmomi kaɗan, sauran bayani ya fito daga bakin malam. Amma lissafi, don Allah a bar shi ga tablo. Ɗalibi yana son ya ga hannu yana warware shi mataki-mataki, har da kuskuren da malam zai yi ya goge. Amsar da ta faɗo gaba ɗaya bisa bango ba ta koya ma kowa hanya.

Sai ƙananan abubuwa da ake renawa. Kafin a fara, malam ya taka har benci na ƙarshe ya duba; in bai karanta ba, rubutun ya yi ƙanƙanta, ya kai shi 28 ko 30. Ajinmu rana ke shiga ta ko'ina, don haka baƙin rubutu bisa fari ya fi launukan ado. Kuma a PowerPoint, in ana cikin haskawa ka danna B, bango ya yi baƙi, idanu su dawo kanka, a yi tambaya a yi muhawara.

Ga batun kuran. A watan Afrilu da Mayu ba wanda ke da tabbas, kuma mun sha ganin an sallami aji don wuta ta ɗauke, kamar ilimin cikin waya yake bi. Malamin da ya san darasinsa alli ya ishe shi. Cikakken bayanin a maida shi PDF, a tura ma gurup na WhatsApp tun daren jiya, kowa ya zo ya riga ya duba.

Ku ma ɗalibai masu shirin kare kundi bana, da ku muke: minti sha biyar ba su ɗaukar diyapo arba'in. Ku rage, ku gwada gaban abokai da agogo a hannu, sau guda kuma ku gwada da odinata a kashe.