A Bar Jikoki Su Zauna Da Kakanni

'Yan'uwa ɗalibai, a ganinmu ilimin sanin halittu ba a aji yake farawa ba. A ƙauyukan Sandamu, a ƙasar Daura, a kan tabarmar kaka yake farawa, a tsakar gida.

Ku dubi shamuwa. Idan ta sauka kan tsamiya wajen watan Afrilu ko Mayu, tsohuwa takan janyo jikanta ta ce, "Angona, duba, damina ta kusa." Ba ta karanta cewa tsuntsuwar tana yin rani a gabashi da kudancin Afirka ba, amma ta san fara take ci, kuma ba a taɓa sheƙarta. Yaron da ya ji haka da wuya ya ɗauki danƙo ya harbe ta. Haka ma hawainiya, wadda yara kan jefe don tsoro kawai, alhali ba ta da dafi.

To, mu ne manyan yayye. Idan mun je hutu, mu janye ƙannenmu daga wayar hannu mu kai su tabarmar nan da yamma, tun shamuwa tana kai kirare bisa tsamiya.